Daga Bukkar Zana zuwa Tantin Jaka: Waiwaye a kan Makwancin Masuntan Adar

Wanda bai san ƙasar Adar ba, in aka ce masa akwai masunta a cikinta, lalle zai yi mamaki, gama abin da ya game duniya na labarinta bai wuce duwatsu da fako ba, da albasar Galmi, da simintin Malbaza, da samarinta masu bazuwa ci-rani da zarar an kai hatsi rumbu. Amma wanda ya taɓa bin kwarin Majiya da kaka, ko ya tsaya gaɓar tafkin Ɗan Dutsi da asubahin Janairu, lokacin da hazo ke kwanciya bisa ruwa har ba a rarrabe jirgi da mai tuƙinsa, ya san Allah Maɗaukakin Sarki bai hana wannan ƙasa rabonta na kifi ba, sai dai Ya ajiye mata shi cikin tafkuna da madatsai, inda ba ya samuwa sai ga wanda ya yarda ya bar ɗakinsa ya kwana a bakin ruwa. Wannan kwanan bakin ruwa, da abin da masunci ke fakewa cikinsa domin ya kai safiya da lafiyarsa, shi nake nufin waiwaya a kai, domin a tsawon rayuwar mutum guda mun ga kamanninsa iri uku, na ƙarshensu kuwa sabo ne ƙwarai, ya kamata samarinmu su san mizanin da za su auna shi da shi tun ba su kwance bakin aljihu ba.

Ya dace a fara da ruwan kansa, domin shi ma baƙo ne a wurare da dama. Ɗan Dutsi, wanda ke yamma da Illelar Nijar ta wajen Bagarwa, kafin shekarar 1974 ɗan tafki ne mai ƙafewa da rani, gonakin gero da dawa kewaye da shi. Da babban farin nan ya karye a watan Yuli na wannan shekara, ruwa ya sauka bisa ƙasar da ta rasa ciyawar da za ta tsare shi, ya gangara kwari ya cika shi har ya rufe abin da ya kai hekta 1,800, gonaki suka zama gidan kifi. Daga baya aka zuba masa iri, su karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ragon ruwa, a 2005 kuma aka sa shi, tare da tafkin Tabalak, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A kwarin Majiya kuwa, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, aka gina madatsun Mozage da Zango da matattarar Cerasa domin shayar da filayen noman rani na Birnin Ƙonni, kuma ko da yake ba don su aka gina su ba, ruwa in ya zauna ba ya rasa kifi, kifi kuwa ba ya rasa mai nema. Tafkin Kalmalo, inda Majiya ke zubewa a ƙetaren iyaka kusa da Illelar Nijeriya, shi ne tsohon wurin su na wannan yanki, ruwansa kuwa ya ja baya ƙwarai. Waɗanda suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, Kabawa da Sarkawa, suka riƙa zuwa da kalli da birgi da mamari da gura, manoman Adar suka zauna kusa da su suna kallo, har hannun da ya saba da hauya ya saba da raga.

Hikimar Ubangiji ta hukunta cewa lokacin da su ya fi albarka shi ne lokacin da kwanan waje ya fi wuya. Bayan ɗaukewar damina ruwa kan fara ja, kifi ya tattaru, a daidai nan kuma hunturu ke sauka da jaurarsa daga arewa maso gabas, ma'aunin zafi ya faɗo kusan digiri 15 da dare, wani daren ƙasa da haka, abin da mutanen wasu ƙasashe za su ɗauka sauƙi ne, alhali ga mutumin da ya fito daga ruwa da jiƙaƙƙen wando, iska na dukansa a fili ba katanga ba itace, azaba ce mai shiga ƙashi. Masunci kan shimfiɗa kalli da la'asar sakaliya, ya ɗaure mamari, ya dawo gaɓa. Ba shi da ikon komawa gari, domin dole ya tsare kayansa, ya kula da wutar banda, ya kuma shiga ruwa tun kafin fitowar rana, kada kifin da ya kamu ya lalace a raga. Saboda haka mafaka a wurinsa darura ce, matsayinta ɗaya da na jirgi da raga.

Bukkar mutanen farko daga jikin wurin ake fitar da ita. In ayari ya sauka, Sarkin Ruwa ko babban tafiya ya nuna tudun da za a zauna, nesa da lema, sai a watsu cikin daji a saro tsumagun geza da sabara, a kakkafa su a da'ira, a tanƙwaro kawunansu a haɗe, a yi musu tanka da ɓawon kalgo ko igiyar kaba, sa'an nan a naɗe da zanar gamba, a baibaye sama da ciyawa, a jingina karan dawa ta gefen da iska ke bugowa, a bar ƙofa ƙarama tana duban yamma ko kudu, a shimfiɗa tabarma bisa busasshiyar ciyawa. Ba a kiran magini, ba a biyan ko dala. Mutum huɗu ko biyar in suka haɗa hannu, kafin magariba kowa ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Babbar fa'idarta, wadda ba a gane ba sai da aka rasa ta, ita ce tana numfashi: zana tana karya ƙarfin iska ba tare da ta toshe ta ɗungum ba, hayaƙi ya sulale ta tsakanin ciyawa, gumin jiki da tururin tufafi su fice, mai barci ya tashi a bushe. Manomin Galmi da Gidan Idar ya san wannan sirri a rudunsa na albasa, domin ya tabbata in ya kulle albasa inda iska ba ta ratsawa, ruɓa za ta yi tun farashi bai tashi ba. Jikin ɗan Adam kuwa bai fi albasa haƙurin rashin iska ba.

Adalci ya wajabta a faɗi aibinta. Tartsatsi ɗaya ya isa ya mai da sansani toka. Gara na cin gindinta, kunama na son ɗuminta. In kuma kifi ya ƙaura zuwa wancan gefen tafki, ba a ɗaukarta gaba ɗaya, sai dai a naɗe zana a bar tsumagu. Ta wannan fuska maƙwabtanmu Buzaye sun riga mu nisa, su da ke ɗinka fatun awaki da tumaki masu yawa su yi laima guda, ko su saƙa tabarmi su rufa bisa ƙirarrun sanduna, matansu su kafa da yamma su kwance da safe su aza wa jaki ko raƙumi. Kuma malamai sun sanar da mu cewa Suratun Nahli ta ƙirga irin waɗannan ɗakunan fata na matafiya cikin ni'imomin da ya kamata bawa ya gode. Ashe neman ɗaki mai sauƙin ɗauka tsohon buri ne na halal, ba bidi'ar yaran zamani ba.

Abin da ya kawar da bukkar zana ba ƙyama ba ce, ƙarancin gamba ne. Farin 1973 da na 1984 sun cinye makiyaya, jama'a ta ƙaru, saurukan da ake bari su huta aka mai da su gonaki, gamba da ke tsaye kan iyakokin gona ta zama abin saye da sayarwa, karan dawa da dā ake bari a fili ya zama abincin dabbobi mai kuɗi, saran itace kuma ya koma sai da izinin ma'aikatan ruwa da gandun daji, kuma da gaskiyarsu, domin daji ya yi ƙaranci. A daidai wannan lokaci kasuwannin iyaka, Ƙonni da Illelar Nijeriya, suka cika da leda da tampol: tsohon tampol ɗin manyan motoci, da shimfiɗun roba fari da shuɗi na kayan agaji, da buhunan taki da na shinkafa waɗanda ake farkewa a ɗinke su falle guda. Masunci ya ga abin da zai naɗe ya ɗaure bayan keke, daga baya bayan babur, ya kafa shi kaɗai da sanda huɗu, ba ya jiran kowa. Wa zai zarge shi don ya karɓa? Sai dai araha ba ta ado. Leda ba ta numfashi: da dare tururin numfashin mai barci kan taru a rufinta ya riƙa ɗigo masa kamar raɓa, da hantsi ta zama tanda, iska in ta taso ta hana shi barci da kaɗawa, rana ta gasa ta har ta rududduge, gutsattsarinta su watsu a gaɓa, awaki da shanun da ke zuwa shan ruwa su haɗiye su kumbura. Gwamnatin Nijar ta kafa doka a watan Nuwamba na 2014 ta hana shigowa da ledar ƙunshi marar kauri da sayar da ita, amma wanda ya zaga bakin tafkunanmu da rani zai shaida cewa tsakanin rubuta doka da tsabtar gaɓa akwai tafiya.

Yanzu ga na uku ya iso. Ya fara shigowa ne da siffar gidan sauro mai buɗe kansa, wanda ake murɗewa ya zama faifai a sa cikin jaka, in an sake shi ya miƙe tsaye. Daga nan tantuna na sosai suka biyo baya, wasu sababbi daga Sin, wasu cikin kayan gwanjo, wasu a hannun 'yan ci-rani masu dawowa. Samari kuma suna gani a wayoyinsu yadda masuntan wasu ƙasashe ke yi, kuma abin ya cancanci bayani, domin akwai abin lura cikinsa. A Kanada da arewacin Amurka, irin su jihar Minesota, da Finlan da Rasha, sanyi kan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri, fuskar tafki ta daskare ta zama dandali. Hukumomin can suna gargaɗi kada mutum ya taka sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 10. Masunci ya jawo kayansa, ya huda rami da abin huji, ya warware tanti daga jaka, ya ja kowane bango ta tsakiyarsa sai ya ɓallo waje ya tsaya bisa sanduna masu lanƙwasa ba su karye ba, cikin 'yan mintoci ɗaki ya tashi a kan ramin, ya zauna ciki ya zura fatsa. In za su saya, abin da suke bincike shi ne kaurin yadi da ko an yi masa ciko mai riƙe ɗumi, da faɗin lafin da ke kwanciya ƙasa wanda ake danne shi da dusar ƙanƙara, da ƙusoshin murɗawa da ke kama tantin kada iska ta tafi da shi, da yawan mutanen da zai ɗauka, da nauyinsa, da kafofin shan iska a sama, waɗanda suke tsananta magana a kansu saboda murhun gas da suke kunnawa ciki.

Mai hankali zai ga cewa ƙiyasin halinsu da namu ya inganta ta wata fuska, ya ɓaci ta wata. Mun yi tarayya da su a iska da fili da jiƙaƙƙen jiki da bukatar ƙaura. Mun rabu da su a rana da ƙura da ƙaya da sauro. Tantinsu ba shi da daɓe, domin ramin kifi a ƙasansa yake, mu kuwa ƙasa ita ce hanyar kunama da maciji. Nasu baƙi ne ko mai duhu don ya tara zafi, namu in ya yi haka ba mai zama cikinsa bayan hantsi. Ƙusarsu ƙanƙara take kamawa, tamu rairayi da laka za ta shiga. Na taɓa halartar inda wani saurayi ya warware irin wannan tanti gaban mahaifinsa, tsohon masunci, yana murna ya ce, “Baba, dubi, ko sanda ba a nema, ko igiya.” Tsohon ya zaga shi a hankali, ya shafa yadin, ya leƙa ciki, sa'an nan ya ce, “Madalla, ɗana, Allah ya sa albarka. Amma gaya mini, ta ina hayaƙi zai fita? In kuma ya yage a Ɗan Dutsi, wa zai ɗinke maka?” Duk ilmin zaɓen mafaka yana cikin tambayoyin nan, kuma su ne waɗanda kakanninmu suka riƙa yi wa bukka tun ba a san roba ba.

Sharaɗi na farko, wanda ya rinjayi saura, shi ne numfashi da wuta, domin malaman fiƙihu sun sa kiyaye rai gaba da kiyaye dukiya, sun kuma ce tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani. Al'adar masunci ce ya shiga da kaskon garwashi makwancinsa, kuma a bukkar zana hatsarin hayaƙin kaɗan ne. A cikin tanti mai zif kuwa, garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, masana na kiranta kabon monoksaid, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ta sa shi barcin da ba a tashi. Yadin tanti kuma ba ci yake yi kamar ciyawa ba, narkewa yake ya ɗiga ya manne a fata. Alhazanmu na tuna gobarar Mina ta 1997, wadda ta hallaka fiye da mutum 300 cikin tantuna, har hukumar Saudiyya ta sauya su da waɗanda wuta ba ta kamawa. Hukunci a nan ɗaya ne: a zaɓi tanti mai tagogi biyu masu duban juna da kafa a ƙololuwa, a bar su buɗe ko ɗari ya kai ina, wuta kuwa ta tsaya waje ta gefen da iska ke tafiya, a ji ɗumi a shanya tufafi, a shiga a rufa da bargo.

Sharaɗi na biyu shi ne tsayuwa gaban iska. Tanti gajere mai zagayayyen kai ya fi dogo mai miƙaƙƙen bango haƙuri da hunturu; a duba yana da maɗaurai a kowace kusurwa da tsakiyar kowane gefe, a yar da 'yan ƙusoshin da ke zuwa da shi, a je wa maƙeri ya ƙera turaku masu tsawon kamu guda ko fiye, ko a cika buhu da rairayi a binne a ɗaura igiya; ƙofa kuma ta juya wa gabas da arewa baya kamar yadda aka gada. Na uku shi ne ƙasa da sauro: daɓe mai kauri wanda gefensa ya ɗago, a share ƙarangiya da tsidau kafin a shimfiɗa, a sa tabarma ƙarƙashi, raga mai ƙananan idanu ta rufe kowace kafa, domin sauron bakin ruwa ba ya tafiya hutu don an shiga ɗari. Na huɗu shi ne gyara: a ɗaga yadin a dubi rana ta cikinsa, in haske na ratsowa kamar gyale, ranar Adar za ta cinye shi, a ja zif a ga ko mai manyan haƙora ne, domin ƙura ita ce ajalin ƙanana, a tambaya ko telan Ƙonni zai iya sake shi, ko sandar da ta tsage tana da madadi. Na ƙarshe shi ne girma da nauyi: abin da aka rubuta na mutum uku, a lissafa shi na biyu, domin masunci ba ya kwana sai da raga da fitila da buhun garinsa, kuma abin da ba ya ɗauruwa a bayan babur ya rasa dalilin sayensa. Duk wannan bincike a kasuwa ake yinsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma hasara wadda ba a gani a jikin yadi. Bukkar zana ba ta tashi sai da hannu da yawa, don haka wanda ya taya ka ɗaurin tanka da rana ya san inda kake kwance da dare, in bai ji tarinka da asuba ba zai leƙo. Yaro kuma a wurin kafa bukka yake koyon karanta iska da sanin tudu da sunayen itatuwa, yana jin dokokin ruwa daga bakin manya, wurin da ba a jefa birgi da girman idon ragar da ya halatta. Tantin jaka ya 'yanta mutum daga jiran jama'a, wannan kuwa alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi da mai gaggawa, amma ya sauƙaƙa masa ya ware can shi kaɗai, a zamanin da hanyoyin iyaka ba su da amincin dā, kuma a cikin ɗakin da in wani abu ya same shi ba mai ji. Sauƙin kafawa bai kamata ya rushe zaman sansani ba.

Ra'ayina, bayan auna ukun nan, shi ne: leda ita ce mafi sharri, ya kamata a rabu da ita, tanti mai kyau ya fi ta nesa ba kusa ba, in ya cika sharuɗɗan da aka ambata, mafi dacewa da ƙasarmu kuwa shi ne a haɗa sabo da tsoho, a kafa tanti don sauro da ƙaura, a gitta masa zana ɗaya ko biyu ta gabas da arewa don iska da rana, wanda hakan zai ninka kwanakinsa. Ina kira ga telolin Ƙonni da Malbaza da Badagishiri, waɗanda suka iya ɗinkin tampol da rumfunan biki, su dubi wannan bukata su fitar da samfurin da ya san zafinmu da ƙurarmu. Ina kira ga manoma su mai da gamba kan iyakokin gonakinsu, domin tana tsare ƙasa daga zaizaya, ƙasar nan kuwa ita ce ke gangarawa tana cike madatsun Majiya da tafkunan da muke su a ciki. Ina kira ga shugabannin masunta su sa dokar hana shiga da garwashi cikin tanti a sahun dokokin ruwa, su kuma tilasta kowa ya kwashe tarkacensa ranar tashi. Kai kuma saurayi mai shirin saye, kada launi da saurin buɗewa su ruɗe ka: nemi tsohon masunci ku je kasuwa tare, ka bar shi ya yi tambayoyinsa, kada ka biya sai an amsa su. Allah ya tsare masu kwanan bakin ruwa, Ya sa albarka cikin sana'arsu.